Gudumar Hatimin Daji

Ranar kasuwa ce masu kiwo suka tsinci gawar mijina Bassu a gindin itacen al'ul, bayan gari. Shi ne mai shelar garinmu. In gwamnati za ta yi gwanjon itatuwan dajinta, shi ke sanarwa da Larabci da Tamazight, harshen da muke ji, don yawancinmu ba ma karanta takardar da ake mannawa a ofis. In masu saran itacen garinmu ba su ji ba, baƙi ne kaɗai za su taya.

Sufeto Akka ya iso daga garin Azru kafin azahar. Ya durƙusa, ya ɗaga rawanin Bassu, ya daɗe yana kallon raunin da ke ƙeyarsa.

"Lalla Itto, wa ya zo gidanku kwanan nan?" ya tambaye ni.

Na waiga. Motar Hajj Mimun, dillalin katako, tana bakin hanya, ana kallona daga ciki.

"Si Lahsan, jami'in daji," na ce ƙasa-ƙasa. "Ya ce bana a yi shela da Larabci kawai. Bassu ya ƙi."

Sufeto ya taka zuwa motar.

"Jiya a Meknes na kwana, yallaɓai," in ji Hajj Mimun. "Mai shelar nan ko sunansa ban sani ba."

"To me ya kawo ka kan gawar wanda ba ka sani ba, Hajj? Neman lada?"

Hajj ya ci gaba da jan carbi.

Sufeto ya ce in biyo shi ofishin daji in maimaita maganata. Na bi shi.

Da na maimaita, Si Lahsan ya zuba shayi yana girgiza kai. "Baƙin ciki ya taɓa matar nan, yallaɓai."

"Ina gudumar hatimi?" in ji Sufeto.

Guduma ce mai haruffa a baki, da ita ake buga wa itacen da za a sayar alama.

"Tana kulle tun bazara da muka gama aikin alama. Ga makullin a wuyana."

"Ba wanda ya taɓa ta?"

"Ko uwata."

Aka buɗe akwati. Sufeto ya shinshina gudumar, ya danna yatsa a bakinta. Yatsan ya manne.

"Ka wanke ta, Si Lahsan, amma ruwa ba ya cire ƙaron al'ul. Na bazara ya bushe tuni, wannan ɗanye ne. Haruffan nan kuma ɗazu na gan su a ƙeyar Bassu."

Butar shayi ta suɓuce daga hannun Si Lahsan. Ya zauna.

"Na je buga wa Hajj hatimi a wasu itatuwa da ba sa cikin tsarin gwamnati. Bassu yana kan hanyar kasuwa ya gan ni. Ya ce zai haɗa da wannan a shelar yau. Na roƙe shi, wallahi na roƙe shi. Sai ya juya mini baya."

Aka sa masa ankwa. Sufeto ya ce an dakatar da gwanjon, Hajj kuma ba za a kama shi ba sai an samo sammaci.

A bakin ƙofa Si Lahsan ya waiwayo. "Ni dai an kama ni, Lalla Itto, amma Hajj yana sake. Ke wa zai raka ki gida?"

Suka tafi da shi. Na fito. Sai ga matan unguwarmu tsaye a lulluɓe da bargunansu. Suka sa ni a tsakiya, muka bi ta cikin dajin.

Har yau ban sake bin hanyar nan ni kaɗai ba.