Rijiyar Bakin Asibiti

Tun da Kansila ya shigo da fayil a hammata Malama ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta leƙa taga ta dawo. Rijiyar burtsatse ɗaya tak aka ba mazaɓar mijinta, kuma yau ya sa hannu a haƙa ta a bakin asibiti. Abin da ya tsinka mata zuciya shi ne, gidan iyayenta na bayan asibitin nan.

"Honarabul, Inna fa?"

"Masu jinya da jarka suke yawon neman ruwa, Malama. Zan yi mata bayani."

Ina! Bai rufe baki ba sai ga Inna, mahaifiyarsa, mayafi a hannu, ko sallama babu.

"Ni na haife ka, ni na bi gida-gida da fostarka har ƙafata ta kumbura — amma ruwa sai ƙofar surukai! An shanye min kai! Wata uku na ba ka: ko rijiya ta dawo ƙofata, ko yarinyar nan ta bar gidanka!"

Malama ta fashe da kuka. Shi kuwa sai safa da marwa yake a falo, ya cire hula ya mayar.

"Zan canza takardar," ya ce. "Wallahi ba zan iya rabuwa da ke ba."

"Ka canza, da wane ido za ka kalli waɗanda suka sha rana a layi dominka? Don Allah, ka bar ni da Inna."

Aka haƙa rijiya a inda ya ce. Kullum da safe kafin ta wuce makaranta, Malama za ta ɗebo jarka biyu, ta lallaɓa ta ƙofar baya ta cika randar Inna. In sun haɗu a hanya ta durƙusa ta gaishe ta, Inna ta kau da kai. Tsohuwa kuwa sai yabon mai garuwar da take zaton ɗanta ya ɗaukar mata take yi, wai ba ya fashi.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika, Inna ta fito ba zato ta tarar da ita tana juye ruwa, hijabi jagab, tafin hannu duk kanta.

"Ke ce? Duk kwanakin nan?"

"Gwiwarki na ciwo, Inna."

Inna ta daɗe tana kallon hannun nan, sai hawaye. Ta sa aka kira Kansila daga ofis, ya iso a firgice.

"Na janye maganata, ku yafe min," ta ce. "Rijiya ta zauna inda take — ni tawa da ƙafarta take zuwa."

Haka haƙurin Malama ya tsare aurenta, ya kuma tsare amanar jama'a. Wanda aka zaɓa ba na gidansu ba ne kaɗai, kuma zuciyar uwa da kyautatawa ake sayenta.