Ƙwaryar Iya Delu

Ku matso. Mati, rage wutar fitilar nan. Jummala, in kin san za ki jiƙa mana tabarma, tashi tun yanzu.

Kun san Sallau mai gyaran keke, wanda yatsu uku suka rage masa a hannun hagu? Yana ce wa mutane injin markaɗe ne. Ƙarya yake yi.

Shekarun baya maguna sun addabi Unguwar Marina. Su buɗe tukunya, su kwana suna kuka a kan rufi, 'ya'yansu na mutuwa a kwata. Samari suka fara jifansu. Wani ya sa guba a tuwo, akuyar mai unguwa ce ta ci. Sai wata likitar dabbobi ta zo ta ce a daina kisa. A kama su da keji, ba duka ba rauni, a yi musu aikin hana haihuwa, in sun warke a mayar da kowacce inda aka kamo ta. Sallau ta ɗauka aikin kamun. Yana da tausayin dabba, wannan kam gaskiya ne. Amma kunnen ƙashi gare shi.

Likita ta ce mage mai ƙoshi ba ta shiga tarko, don haka ranar kamu kada kowa ya ba su abinci. Kowa ya yarda, ban da Iya Delu.

Gidan tsohuwar nan ne na ƙarshe kafin tsofaffin ramukan rini, waɗanda suka bushe tun ba a haife mu ba. Kullum kafin rana ta faɗi takan ajiye ƙwaryar nono a bakin rami na ƙarshe. Haka uwarta ta yi.

Sallau ya ce, "Iya, yau dai a haƙura da ƙwaryar nan. Magunan za su ƙoshi."

"Wa ya ce maka tasu ce? Su suɗi suke samu."

"To ta wa ce?"

"Ɗan nan, kama magunanka. Ka bar ƙwarya."

Ya ce to. Tana shiga gida ya ɗaga ƙwaryar ya kwankwaɗe nonon tas, ya kife ta, har da gyatsa.

Kamu ya yi kyau. Yunwa da ƙanshin kifin gwangwani suka cika masa kejinsa duka. Ya lulluɓe kowanne da tsohon zane don su natsu. Aka kira magariba. Ya ce bari ya gama lodi tukuna.

Sai magunan suka yi tsit. Gaba ɗayansu.

Sai warin baba, irin na rini, ya cika masa hanci.

"Sannu da aiki."

Ya waiwaya. Wani dogon mutum ne tsugune a bakin ramin. Rigarsa baƙa wuluk, tana ɗigar da ruwa. Ramin kuwa ƙura ce a ciki.

"Yawwa, Baba," in ji Sallau.

"Ina abincina?"

Nan Sallau ya lura da wani abu. Maganar ce take fara fitowa. Sai ta gama, sannan bakin mutumin yake motsi.

"Ni ban gani ba."

Mutumin ya shinshina iska. Ya miƙe, ya yi ta miƙewa.

"Yana cikinka. Zan ɗauka."

Sallau bai ga tahowarsa ba. Sai dai ya ji bayansa ya daki ƙasa, numfashi ya ɗauke. Gwiwa mai sanyi ta danne masa ƙirji. Farce ya keta riga, ya keta fata, daga ƙirji yana gangarowa cibiya. Ya nemi addu'a, harshensa ya yi nauyi. Da abin ya sunkuyo da baki, sai ya kare cikinsa da hannun hagu. Ya ji ƙas, kamar ana tauna ƙashin kaza. Ya sake jin ƙas.

Jummala, sake mini hannu, ba ni ba ce.

A lokacin magunan suka haukace. Suna dukan wayar kejin da kai, suna gurnani, kejin na tsalle a ƙasa. Abin ya dakata, ya kalle su. Sallau ya ga tsoro a idonsa, ƙarara. Ya miƙa hannun dama ya fizge sakatar kejin da ke kusa.

Wani ƙaton muzuru ya fito kamar an harbo shi, ya maƙale wa abin a fuska. Abin ya yi ƙara, ya cafke shi, ya raba shi biyu. Amma Sallau ya riga ya mirgina. Yana jan ciki, jini na bin sa, yana buɗe keji ɗaya bayan ɗaya da hannu da haƙori. Magunan suka rufe abin ruf. Suka tsage masa wuya, suka ƙwaƙule ido ɗaya. Abin da ke zuba daga jikinsa shuɗi ne. Yana ja da baya, yana make su da ƙasa, har ya faɗa ramin.

Iya Delu ce ta tsinci Sallau. Tana ɗaure masa hannu da ɗankwalinta tana kuka tana zaginsa. "Ka sha abincinsa, sannan ka kulle masu tsaronsa! Wane irin yaro ne kai?"

An ci gaba da aikin, unguwa ta huta. Amma tun daga ranar, da safe ake kamu, kuma ba a taɓa kwashe su duka a rana ɗaya.

Washegarin ranar da abin ya faru, tsohuwa ta kai nono kamar kullum. Da safe ta tarar da ƙwaryar cike, ko ɗanɗanawa abin bai yi ba. Rana ta biyu ma haka. Har ta rasu bai sake sha ba.

Mati, kana tambaya me ya sa? Ai ya ɗanɗana nama.

Don haka ko aikenku aka yi, kada wanda ya bi ta bayan marina shi kaɗai. In kuma kun ji maguna sun yi tsit, ku yar da abin da ke hannunku, kada ku amsa gaisuwar kowa.