Ƙarfen da Ya Rataya a Makarantarmu

"Wa ya ce ka buga?! Wa ya aike ka?!"

Ihu nake masa a tsakar makaranta, shi kuma yana tsaye da guduma a hannu, baki buɗe. A bayansa tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a bishiya, ya sha fenti sai sheƙi yake.

"Masoyiyata... ƙararrawa ce fa na haɗa miki. Kullum ina ganin kina ɗaga farin ƙyalle in lokacin tashi ya yi, na ɗauka rashi ne..."

Wai rashi! Mu da muke koyar da yaran da suka gudo daga yaƙi, ko ƙofa ba ma bari ta bugu. A garuruwan da suka baro, ba a dukan ƙarfe sai mahara sun shigo. Shi ina zai sani? Mai walda ne daga inda ake barci har da minshari, ya zo gyara mana bencina, daga nan ya zarce da zuciyata. Saura wata biyu aurenmu.

Ajina kamar an share. Wasu yaran suna ƙarƙashin benci, wasu sun haura katanga. Shalele kuwa, 'yar Yayana marigayi, sai bayan awa biyu muka tsinto ta cikin kwalbati, ta toshe kunnuwa. Shekara guda na yi ina lallaɓa yarinyar nan kafin ta yarda ta zauna a aji. Makon da ya wuce ta fara rubuta sunanta.

Washegari ya zo gida ba da haƙuri. Shalele na hango shi ta ƙwalla ƙara, ta shige bayan Umma, fitsari na bin ƙafarta.

Bayan ya fita Umma ta dube ni.

"Kin gani da idonki."

"Umma, kuskure ne! Ya cire ƙarfen, gida-gida yake bi yana roƙon gafara..."

"Ban ce mugu ba ne, 'yar nan. Yaron kirki ne, wallahi har raina yake. To amma in kin shiga gidansa, ita ina za ta? Ni dai kin ga yadda ƙafafun nan suka koma. Ke ce uwarta, ke ce ubanta."

Na ji haushin Umma, saboda gaskiya ta faɗa.

Sauran yaran suka dawo da ɗaɗɗaya. Banda Shalele. Kullum da safe zan sa mata riga, in rataya mata jaka, mu kama hanya. Da mun iso kwanar da shagonsa yake sai ta zauna daɓas a ƙasa. Ya daina aiki da safe, ya rufe ƙofa, ya ɓuya a ciki, duk a banza. Ta san yana nan. Wata hanyar kuma babu, an rufe ta tun zamanin tashin hankali.

Mako huɗu muna haka. Ranar wata Laraba ya tare ni a bakin makaranta, ya rame, idonsa jawur.

"Zan tashi daga garin nan, rabin raina."

"Ka tashi? Ni kuma fa?"

"Ke kina da baki, kina iya yi mini faɗa. Ita ba ta da shi."

"Mu ƙara haƙuri mana... ko shekara ce zan jira!"

"Ke za ki iya. Ita shekararta takwas, ko baƙi goma ba ta sani ba. Kullum ta zauna a ƙasan nan, ji nake ni na hana ta. Ba zan iya ba, wallahi ba zan iya ba..."

Na so in zage shi, in ce masa matsoraci. Kuka ya ci ƙarfina. Ina sonsa, kuma a ranar da ya bar ni na fi sonsa.

Da safiyar Litinin muka iso kwanar. Shagon a wangale, ba inji, ba ƙarafa, sai baƙin tabo a siminti. Shalele ta tsaya, ta leƙa, ta sake leƙawa. Sai ta zare hannunta daga nawa, ta gyara jakarta, ta ruga wajen ƙawayenta.

Ta wuce. Ni ce na zauna a ƙasa na kasa tashi.