Yashin Kribi a Farantin Dada

Da la'asar sakaliya Yaya Njidda ya aike ni unguwar Tsinga, nan cikin Yawunde, in karɓo masa hotuna. Na tashi daga kan keken ɗinki ina gunaguni. Shi da ƙafafunsa lafiya lau, aikin yi ma ba shi da shi, amma ni ce 'yar aike.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ke nan. Kamfanin da yake wa aiki ya rufe, aka sallame su, abin da mutanen gari suke kira kwampirese. Da wani ne da ya zauna ya yi tagumi. Shi kuwa yayana sai ya ce kafin ya sayar da motarsa sai ya kai mu mun ga teku. Ya kwashi matarsa da 'ya'yansa da ni muka tafi Kribi, ga wata tsohuwar kyamara rataye a wuyansa. Mutum ya je da iyali, amma rabin fim ɗinsa a kan yashi ya ƙare. Sawun ƙaguwa, layin kumfar da ruwa ya bari, inuwar kwale-kwale. Har matarsa ta ce da ta sani da ta bar shi ya taho shi da yashinsa.

Dada, mahaifiyarmu, ba ta je ba. Ciwon gaɓoɓi ya riƙe ta, in ruwa ya taɓa ta sai ta wuni tana nishi, shi ya sa ta koma taimama. Jar ƙasar Yawunde kuwa ɓata mata fuska da mayafi take yi. Saboda ita Yaya ya yi ta zagaye bakin teku yana neman yashi mai tsarki, wanda ƙafa ba ta taka ba. Ya samu wani wuri can gefe, fari fat, mai laushi kamar garin fulawa, an kewaye shi da ganyen kwakwa. Wani masunci ya yi ta ɗaga mana hannu yana ihu da Faransanci. Yaya ya ce a rabu da shi, neman na goro yake yi. Ya miƙo mini kyamarar na ɗauke shi yana cika gwangwanin madara.

Da muka dawo Dada ta sa masa albarka har da hawaye. Aka juye mata yashin a faranti, ta riƙa taimama a kansa.

Shagon wankin hoto na Abdussamad da ke Tsinga ƙarami ne, kullum warin magani yake yi. Ya saba tsokanata da Madam tela. Ranar ko murmushi bai yi ba. Ya ajiye ambulan a kan kanta, ya ce in buɗe a nan kafin in tafi.

Na ciro hoton Yaya a durƙushe. Da farko ban ga komai ba sai haƙoransa, yana dariya. Daga baya idona ya sauka kan yashin da ke gabansa. Akwai goshi. Akwai hanci. Akwai baki a wangame, gwangwanin kuma a cikin bakin yake.

"Jaratu," in ji Abdussamad da muryar raɗa, "wa ya nuna muku wurin nan?"

Ya ce ya taɓa zama a Kribi yana ɗaukar baƙi hoto. A can, wanda teku ya ci ya dawo da shi ba a kai shi maƙabarta. Inda ruwa ya ajiye shi, nan ake binne shi, a kewaye wurin da ganye don kada kowa ya taka.

Ya turo mini hoto na ƙarshe da yatsa ɗaya. Yaya ne ya ɗauke shi a gida don ya ƙarasa fim. Dada ce zaune a kan tabarma, tafukanta a cikin faranti. A gabanta wani mutum ne tsugune, jikinsa a kumbure, ruwa na zuba daga gashinsa. Ya ɗora hannayensa a kan nata. Goshinsa ya kusa taɓa goshinta.

A daidai lokacin ladan ya fara kiran magariba. Na san yanzu Dada za ta jawo farantinta.

Taksi biyu suka wuce a cike. Na tattare zane na kama gudu. Na gangaro unguwarmu Briketiri an ɗauke wuta, 'yan tsire sun hura garwashi, hayaƙin kitse ya cika titi. Wani mai kura ya zage ni don na bangaje shi, ko waiwayowa ban yi ba.

A bakin lungunmu ƙanshin tsire ya ɗauke. Ƙarni ya maye gurbinsa, da warin gishiri, da wani ɗoyi kamar naman da ya kwana a rana.

Matar Yaya da yara sun tafi unguwar Messa gidan iyayenta. Yaya kaɗai na tarar a tsakar gida da buta a hannu, yana kallon ƙasa. Ruwa ne ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar Dada. Gidan da famfo ya daɗe bai kawo ko ɗigo ba.

Na tura masa hoton a ƙirji. Bai ko duba ba. Daga ciki muna jin wani sauti, tim, tim, kamar ana buga kai da ƙarfe.

"Dada," in ji shi a hankali.

Sai kakari muka ji.

Ya doki ƙofar da kafaɗa. Ƙofar da ko sakata ba ta da ita, amma ta ƙi motsi. Ya sake duka, katakon ya tsage, muka faɗa ciki.

Dada na kife, fuskarta a nutse cikin yashi. Ƙafafunta na shure-shure. Babu kowa a kanta, amma gashinta a tsaye yake, a damƙe, kamar yana hannun wani. Aka ɗaga kanta sama, aka sake buga shi a faranti. Jini ya fantsama a bango.

Yaya ya kama kafaɗunta ya ja. Sai na ga hannunsa na dama ya murɗe ta inda hannu ba ya murɗewa. Na ji ƙarar ƙashin. Aka yi jifa da shi, ya daki akwatin ƙarfe ya zube.

Na yi bisimilla na cafki bakin farantin.

Yatsu suka kama mini ƙeya. Sanyi ƙalau, masu laushi, kamar burodin da ya jiƙa.

Aka danna ni ƙasa.

Ruwan gishiri ya cika mini baki da hanci. Ina son in karanta Ayatul Kursiyyu, harshena ya kasa, sai a zuciya. Kunnuwana suka toshe. Can nesa nake jin igiyar ruwa tana bugawa.

Sai wata murya a daf da kunnena, a jiƙe.

"Ku mayar."

Ban san inda ƙarfi ya zo mini ba. Na fizge mayafina na rufe farantin, na ƙulle bakinsa. Nauyinsa ya kai na ƙaton namiji. Na ja shi da gwiwoyi, farcena ɗaya ya cire, fatar gwiwata ta saɓule a dokin ƙofa. Ina kai shi tsakar gida yatsun suka sake ni.

Na yi ta aman ruwa da yashi har maƙwabta suka shigo da fitila.

Dada ba ta kai asibiti ba. A cikin taksi ta cika, kanta a cinyata, ruwa na fita ta hancinta. Likitan da ya duba ta ya tambaye mu a wane kogi ta faɗa. Matar da ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin teku ba.

Abdussamad ne ya ɗauki ƙullin ya kai Kribi washegari, shi da wani almajirin limaminmu. Ya ce masuntan ba su yi faɗa ba. Sun karɓa, suka juye a wurin, suka sabunta ganyen. Hotunan kuwa an ƙone su. Hannun Yaya bai sake miƙewa ba. Ni kuma har yau in ina ɗinki na ji mai kifi ya wuce, sai na ɗaga ƙafa daga keke har warin ya gushe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wankanta. Da muka yaye zane, tsofaffin matan unguwa suka ja da baya suna salati. Jikinta ya kumbura ya yi fari, kamar wadda ta yi kwanaki a ruwa. Aka zuba moɗa ɗaya, fata ta fara bin ruwan. Aka aika wa liman, ya ce a bar wanka, a yi mata taimama.

Duk suka juyo suna kallona. Ni ce 'yarta.

Na buga tafukana a bangon ɗakinta, na shafa mata fuska, na shafa hannuwanta. Ina yi ina kuka, don fuskar ba ta Dada ba ce.

Da na fito, Yaya na tsaye a bayan ƙofa, hannunsa a ɗaure da karare. Bai iya haɗa ido da ni ba. Ya tambaye ni ko fuskarta ta nuna ta sha wahala.

Na ce masa a'a, kamar mai barci take.