Kofur Mai Jure Wuta Minti Talatin

"Ɗaga! Ɗaga mana, ɗan banza!"

Saleh ya ɗaga, ƙugunsa ya yi ƙara. Tsakar rana ce a Karofane, gari duk ya watse kasuwa. Su uku ne cikin ɗakin Alhusaini, tsohon mafarauci: Saleh, ogansu Mahfuzu da ke ta tsawa, da Imrana mai moto, wato babur. Wata takwas suna tare hanya da bindigar itace da suka shafa wa baƙin mai. Yau ga kofur, akwatin ajiya na ƙarfe, da bindiga biyu na gaske a kulle ciki!

Suka ɗaure shi bayan moto, suka haye, suka nufi duwatsun Keita.

Can a ofishin jandarma a Bouza, Alhusaini yana ta haki.

"Da makullin suka tafi?" shef, babban jandarmomin, ya tambaya.

"Wane makulli, ranka ya daɗe? Tun bara ya ɓace. Araha na saye shi a Madawa. Furera matata da cokali take buɗe min shi."

"Bindigogin fa?"

"A ɗure suke. Ga kuma harsashi kwali huɗu a ciki."

Shef ya zabura. "Ku tada mota!"

Cikin wani kwari, Mahfuzu ya sari ƙofar kofur ɗin har adda ta karye. Ya yi jifa da dutse. Shiru. Sai ya hangi wata takarda manne a gefe.

"Kai Saleh, kai ka yi lakwal, ka san boko. Mi anka rubuta nan?"

Saleh ya haɗa baƙaƙen da ƙyar. "Wai yana jure wuta minti talatin."

Mahfuzu ya washe baki. "To! Mu ba shi talatin da ɗaya."

"Oga, harsashi fa..."

"Turawa ka fi sani? Tara kara!"

Suka tara karan dawa, suka zuba esans daga tankin moto, suka kyasta. Mahfuzu ya tsuguna gaban ƙofar yana duba agogo. Saleh ya ja baya ya laɓe jikin dutse.

Minti huɗu — fenti ya kumbura. Biyar — ƙarfe ya lanƙwashe kamar gwangwanin tumatir. Shida —

Tau! Tau-tau-tau!

Mahfuzu ya kife, bai ko shura ba. Imrana ya daka tsalle kan moto.

"Imrana! Tsaya, don Allah!"

Ko waiwaye. Ya bar masa hayaƙi.

Jandarmomi da suka biyo sawun moto har bakin kwarin suka ji ruwan wuta, suka zube ƙasa suka mayar. Rabin awa suna musayar harbi da kofur, shef yana ihu a waya a ƙaro sojoji. Saleh na kwance, fuska cikin yashi, yana salati, wandonsa jiƙe.

Da ƙura ta lafa aka ƙirga: gawa ɗaya, bindiga biyu sun zama gawayi, akuyar wani makiyayi ta mutu, tayar mota ta fashe.

Shef ya dubi Saleh cikin ankwa, ya buɗe littafi.

"Na riga na gaya wa manya ku ashirin ne. Fara ba ni sunayen sauran sha bakwai."

Saleh ya fara da kawunsa.