Kantar Igiyar Guga

A wani gari, sunansa ya ɓace mini yanzu, an yi wani saurayi mai ja wa uwarsa makauniya ruwa a rijiya. Igiyar guga ta yi ta gogar tafinsa har ya yi kanta. Kullum ya dawo, sai ta shafa hannun ta ce, "Auta, kai ne."

Da ya tafi birni, abokai suka yi masa dariya: "Wannan hannu ne ko bayan kunkuru?" Kunya ta kama shi. Ya riƙa jiƙa hannun a ruwan ɗumi, ya goge da dutse, ya shafa man kaɗanya, har ya yi laushi. Gida kuwa, yau zai je, gobe zai je, shekaru suka shuɗe.

Ranar da ya koma, ya tarar da tsohuwa kwance, ga kunne ya mutu. Ta shafa hannunsa, ta sake shafawa.

"Sannu, baƙo," in ji ta. "Ko ka ga autana a hanya?"

Ya ruga rijiya, ya yi ta jan guga har tafin ya yi bororo. Amma kanta ba ta fitowa rana ɗaya, tsohuwa kuwa ba ta kai Juma'a ba.