Goyon da Sha'ibu Ya Yi a Ƙirji

"Ka sake ta, na ce! Ciki biyu ya zube, na uku kuma ta haifo abin da bai kai ɗan tsako ba!"

Sha'ibu ya sunkuyar da kai gaban mahaifiyarsa, Ya Kubra, a tsakar gidansu na Shetimari. Zane kawai ya zo ɗauka ya koma asibitin Diffa, inda matarsa Zalika ke kwance bayan tiyata. Cikin bai cika wata bakwai ba, jaririyar kuma da ƙyar ta kai kilo ɗaya.

"Iya, ki yi mana addu'a," ya ce, ya fita idonsa jajir.

A asibiti kwalaben ɗumama jarirai sun cika, ga zazzaɓi ya kayar da Zalika. Ungozoma ta ce ɗumin jikin mutum ne zai riƙe yarinyar, fata da fata, a ƙirji. Sha'ibu manomin tattasai, wanda ko jaririn maƙwabta bai taɓa ɗauka ba, ya tuɓe riga aka ɗaura masa ita.

Zalika ta dube shi, hawaye na bin kuncinta. "Yaya, ka bi maganar Iya ka huta."

"Kul! Ke na zaɓa, ke nake so. Kada in ƙara ji."

Ran kwana na shida sai ga Ya Kubra. Tana shiga ta dafe kai.

"Na shiga uku! Ƙato da gemu ka ɗaura zane? Goyon ma a gaba? Kwance ta, ko ka nemi wata uwar!"

A daidai lokacin Sha'ibu ya ji ɗan motsin da ke ƙirjinsa ya tsaya cik. Numfashin ya ɗauke! Nan take ya tuna abin da ungozoma ta koya masa. Ya murza tafin ƙafarta, ya shafa bayanta, yana ƙwala wa ungozoma kira. Can sai yarinyar ta ja numfashi, ta saki wani siririn kuka.

Ungozoma ta duba ta, ta juyo. "Hajiya, da a shimfiɗe take ba wanda zai ankara."

Tsohuwa mai bakin nan ta matso kusa. Ta yaye mayafinta ta lulluɓe ɗanta da jikarta.

"Zalika, 'yata, ki yafe mini."

Washegari aka raɗa wa yarinya suna Rahamatu.

Wahala fa ba ta ƙare nan ba. Duk sanyi sai ƙirjinta ya kama, an kwantar da ita ya fi a ƙirga. Ba ta taka ba sai da ta shekara biyu da rabi, a shekara huɗu kuma likita ya sa mata gilashin ido mai kauri. Ko yaushe Ya Kubra ce a gaba, da kwanon abinci.

A shekara ta bakwai Rahamatu ta shigo gida da gudu daga lakwal, wato makarantar boko, tana haki.

"Kaka! Mushe malaminmu ya ce ni ce ta biyu a aji!"

Ya Kubra ta rangaɗa guɗar da aka ji har bakin kogin Komadugu. Zalika ta kalli mijinta, suka yi dariya da hawaye.

Haƙuri ya biya su. Muddin rai na motsi, kada a yanke masa ƙauna, kuma namijin ƙwarai ba ya jin kunyar abin da zai raya iyalinsa.